Tsagewar daɓen tsakar gida da kuɗin sayar da gida

A Maradi, Damagaram da Yamai, masu sabon gida sukan zuba daɓen siminti a tsakar gida domin maganin laka da ƙura. Sau da yawa, kafin damina ta biyu daɓen ya tsage. Ran da aka tashi sayar da gidan, nan idon mai saye yake fara sauka.

Siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, ana kuma shayar da shi ruwa kwana 7 na farko. In zafin bazara ko iskar hunturu suka busar da shi da wuri, sai ya yi ƴan tsage sirara kamar gashi, marasa haɗari. Abin tsoro shi ne tsagar da gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu: ko ƙasar cikon ba ta daɓu ba, ko saiwar dogon yaro ta kutsa.

Maginin da mai saye ya kawo yakan ƙwanƙwasa daɓen da guduma. Inda ya ji amon holoƙo, akwai rami a ƙarƙashi. Sannan ya zuba bokitin ruwa. Daɓe nagari yana gangara santimita 2 a kowace mita, ya kau da ruwa daga bango. In ruwan ya nufi tushen gini, kuɗin gida ya faɗi.

Wanda ya shafe tsaga da ruwan siminti, launin facin zai tona shi, mai saye kuma ya zargi sauran ginin. Gyaran ƙwarai shi ne a fasa wurin, a daɓe ƙasa, a sake zubawa, a bar tsagi kowace mita 3, a kuma gaya wa mai saye. Malaman fiƙihu sun haramta ɓoye aibin haja, gida kuwa haja ne.