Risala a Kan Jinjiri da Abincin da Anka Zarga

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ciyar da jinjiri tun ba shi da haƙori. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayenai da sahabbainai.

Bayan haka, na rubuta wagga takarda a Galadi, ƙasar Shinkafi, domin ɗalibai. Mace takan zo ƙofar malami ta ce: "Malam, na ba yaro kunun gyaɗa, jikinai ya feso da ƙuraje. In hana mashi, ko in ci gaba?" Wanda yab ba da amsa da jahilci shina cutarwa ta fuska biyu: ko shi bar yaro ga abin da ka halaka shi, ko shi hana mashi abin da ka raya shi.

Fasali na farko, lokacin farawa. Ka sani, ya kai ɗalibi, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, a Suratul Baƙara, aya ta 233. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, tun 2001, ta yi horo da nonon uwa zalla wata 6, babu ko ruwa, sa'an nan a fara abinci ana ci gaba da nono.

Fasali na biyu, alamu. Su kashi uku ne.

Na farko borin jini. Asalinai, garkuwar jiki da Allah Ya sanya don yaƙin cuta takan yi kure, ta ɗauki abinci maƙiyi. Shina bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa 2 bayan ci: rudu-rudu mai ƙaiƙayi, da kumburin leɓe ko fatar ido, da amai. Mafi yawa shina zuwa daga nonon shanu, da ƙwai, da gyaɗa, da kifi, da riɗi, da alkama, da waken suya. Hukuncinai, a tsai da wanga abinci shi kaɗai, a nuna yaro ga likita.

Na biyu mai tsanani: numfashi shi yi wuya, murya ta dushe, harshe shi kumbura, jiki shi saki. Wajibi ne a garzaya asibiti mafi kusa nan take, ko dare ko rana, domin maganinai allurar adirenalin ce. Kada a ɗura mashi komai, ko jiƙo ko rubutu, kada shi shaƙe. A yi addu'a ana tafiya.

Na uku mai kama da bori, alhali ba shi ba ne: zawo daga ruwa marar tsabta ko koko da yak kwana, da ƙurajen zafi na bazara, da jan gefen baki daga lemo ko tumatir. Ƙyanda kuwa tana zuwa da zazzaɓi da tari da jan ido. Nan abinci ba shi da laifi. Mai zawo a ba shi nono da ruwan gishiri da sukari, mai zazzaɓi a kai shi asibiti.

Fasali na uku, kada a hana abinci da zato. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa shakka ba ta kau da yaƙini, kuma hana abinci a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2024 anka auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, anka iske ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Gyaɗa kuwa ita ce naman talaka, kuma ƙasarmu ta san ta, don ita jirgin ƙasa yar riƙa ɗauka a da daga Kauran Namoda, bayan da layi yak kai can a 1929.

Da an ɗauka jinkirta gyaɗa shi ne kariya. A 2015 likitocin Landan sunka bayyana gwaji a kan jarirai 640. Waɗanda anka fara ba gyaɗa kafin su cika shekara, borinta ya ragu gare su da kamar kashi 80 cikin 100. Amma yaron da ke da ciwon fata mai tsanani, ko wanda yat taɓa yin bori, a tambayi likita tukuna.

Mas'ala: yadda za a ba shi. Sabon abinci guda ɗaya, da safe, bakin cokali, uwa tana kallo. A jira kwana 2 ko 3 kafin wani, don in bori ya zo a san mai laifi. Gyaɗa a niƙe ta cikin kunu, kada a ba shi ƙwayarta, tana toshe maƙogwaro. Ƙwai shi dahu sarai. Abin da yaro yak karɓa lafiya, a dinga ba shi a kai a kai.

Faida: zuma, duk da falalarta, ba a ba jinjiri ita sai ya cika shekara, don takan ɗauki ƙwayar cuta mai shanye jiki, wadda hanjinai bai iya kau da ita ba tukuna.

To, in anka tambaye ka, tambayi abu uku: mi yac ci, yaushe alama tab bayyana, yaya numfashinai? In ka rasa ganewa, ka ce "tafi ga likita", wannan ba kasawa ba ce ga malami.

Allah Shi raya ɗiyanmu, Shi gafarta ma wanda yar rubuta da wanda yak kwafa. Wallahu a'alamu. Tammat.