Ceto ta wurin bangaskiya: Abubuwan da ya kamata ka sani

Duk wanda ya zauna wa'azin Lahadi a Kakau, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya saba jin kalmomi uku: alheri, bangaskiya, ceto. Yadda ake jera su ne ya raba Kiristoci shekaru ɗari biyar da suka wuce.

Me koyarwar ta ƙunsa?

Zunubi bashi ne da ya fi ƙarfin aljihun mutum. Azumi, baiko, zakka, taimakon marayu, babu wanda zai share shi daga littafi. Yesu Almasihu ne ya biya ta wurin mutuwarsa a kan gicciye da tashinsa, mai bi kuwa karɓa kawai yake yi ta wurin dogara gare shi. Madogarar ita ce wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Romawa da Galatiyawa, da sura ta 2 ta Afisawa.

Ina rigimar ta samo asali?

A Jamus, a 1517. Ana sayar da takardun sassauta horon zunubi, wani ɓangare na kuɗin yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Martin Luther, malamin tauhidi a Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin. A 1521 Paparoma ya kore shi daga ikilisiya. Taron Trent ya ba da amsar Katolika a 1547: alherin Allah ne ke farawa, amma mutum yana ba da haɗin kai, ayyukan ƙauna kuma suna da lada. Sai a 1999, a Augsburg, Katolika da Lutheran suka sa hannu kan sanarwa ɗaya cewa ta alheri ake samun ceto, ba don cancantar mutum ba.

Yaya ta iso Arewa?

Ta hannun mishan. SIM ta shigo a 1893, daga cikinta ECWA ta fito a 1954. Mutanen Denmark sun kafa ikilisiyar Lutheran a Numan a 1913, kuma a 2017 aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na wannan ikilisiya ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya.

To, aikin kirki ba shi da amfani ke nan?

Nan ne maƙwabta Musulmi suka fi tambaya, kuma tambayar tana kan hanya. Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya kira bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya. Amsar masu wannan koyarwa ita ce aiki yana biyo bayan ceto, ba ya sayo shi. Ai ko a Musulunci akwai hadisin da ke nuna cewa da rahamar Allah ake shiga Aljanna, ba da aiki kaɗai ba. Babban bambancin yana kan gicciye.

Ina matsalar take yau?

A ganina, ba tsakanin Katolika da ECWA ko Baptis take ba. Tana bakin mai wa'azin da ke cewa ka “shuka iri” na naira dubu goma kafin Allah ya buɗe maka ƙofa. Wannan ciniki ne irin wanda Luther ya yi wa bore, sai dai yanzu da yawa daga masu yinsa sun fito ne daga ikilisiyoyin da suka gāji Luther ɗin.