Mai Hoton Asibiti da Ƙarfen da Ke Cikin Kai

Daga Ruwan Bago a ƙaramar hukumar Rogo, in likita ya rubuta wa mutum hoton ƙwaƙwalwa, tafiya ce ta same shi. Ko dai a bi da shi ta Karaye har Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko a nufi Shika a Zariya. Ga kuɗin mota, ga na ɗan rakiya, ga na hoton kansa, wanda a gidaje da yawa sai an taɓa rumbu ko an kai akuya kasuwa. Duk wannan ɗawainiya tana ƙarewa ne a hannun mutum guda da majinyaci ba ya ma tambayar sunansa. "Mai hoto" kawai ake ce masa.

Ba likita ba ne, kuma ba danna maɓalli kaɗai yake yi ba. Shekara biyar yake yi a jami'a, irin Jami'ar Bayero, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan hukumar rajistar masu wannan sana'a, wadda aka kafa a 1987, ta ba shi lasisi. Na'urar CT da yake sarrafawa Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara ɗaukar kan majinyaci da ita a Landan a 1971. Tana zagaya kai da hasken eksire, tana auna yadda ya ragu ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoto yanki-yanki. A ma'auninta ruwa sifili ne, iska 1,000 ƙasa da sifili, ƙashi kuma can sama.

Ƙarfe ne ke rikita wannan lissafi. Shi ya sa kafin a kwantar da kowa za ka ji yana cewa, "Hajiya, a cire ɗan kunne da allurar ɗankwali. Akwai haƙorin Makka?" Ɗan kunne ana cire shi. Haƙori kuwa sai dai a karkata kai yadda zai fita daga layin da ake ɗauka. Wanda ba ya ciruwa kuma ba ya kaucewa shi ne ƙarfen da likita ya sa da hannunsa a tsakiyar ƙwaƙwalwa.

Akwai ciwon da bangon jijiyar jini ke yin rauni ya kumbura. Ranar da ya fashe, mutum kan ji ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba, wuya ya sanƙare, wani ya faɗi sumamme. Hawan jini da taba suna cikin masu ingiza shi, kuma mutanenmu da dama ba su san suna da hawan jinin ba. Hanya biyu ake bi a toshe kumburin. Ta farko a buɗe kai a maƙale wuyansa da ɗan matsi na ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Ta biyu a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ƙwaƙwalwa a cusa murɗaɗɗen zaren filatinam, dabarar Guido Guglielmi da aka fara a 1990. Bayan aiki dole a sake hoto: shin jini ya sake zuba, ruwa ya taru, jijiyoyi sun tsuke, ko akwai sauran kumburin da bai toshe ba?

Amsar tana daidai gefen ƙarfen, wurin da hoton ya fi lalacewa. Ƙarfe yana shanye raunanan hasken ya bar masu ƙarfi, ta wata kusurwar ma kusan ba abin da ke isa ga ma'auni. Sai kwamfuta ta cike giɓin da ratsin fari da baƙi masu fita ta ko'ina. Kamar babur ne ya haske maka ido da dare: kana ganin fitilar, ba ka ganin wanda ke tsaye kusa da ita. Matsin taitaniyam da sauƙi, don ƙarfe ne marar nauyi. Filatinam kuwa ya fi zinariya nauyi, dunƙulensa kan rufe duk abin da ke kewaye da shi.

A nan ake gane gwani. Tun kafin ya kunna na'ura ya karanta takarda ya san wane ƙarfe ne, kuma a ina yake. Ya daidaita kan majinyaci yadda ratsin zai faɗa inda likita ba ya nema. Ya ɗaga ƙarfin hasken, misali daga kilobolt 120 zuwa 140, don ya ratsa sosai, yana sane da cewa hakan na rage hasken ruwan allurar da ke bayyana jijiyoyi, kuma duk ƙarin haske nauyi ne a jikin mutum. Ya kwantar da hankalin wanda ke kwance: "Baba, kada ka motsa, yanzu za mu gama." Motsi kaɗan in ya haɗu da ƙarfe, hoton ya tashi a banza.

Sababbin na'urori suna zuwa da manhajar rage ratsi. Siemens na kiran tata iMAR, Philips O-MAR, Canon SEMAR. Tushen dabarar ya daɗe, tun aikin Willi Kalender da abokansa a 1987: a gano layukan hasken da suka bi ta ƙarfe, a jefar da su, a ƙiyasta madadinsu daga maƙwabtansu. Wasu na'urorin kuma suna harba haske mai ƙarfi iri biyu a lokaci guda, abin da ke taimakawa wajen matsi fiye da zaren filatinam.

Ni dai abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne wanda bai yarda da kyan hoto ba. Ƙiyasi ƙiyasi ne. Manhaja kan share ratsi ta ƙirƙiro wani duhun da babu shi, ko ta sa lafiyayyar jijiya ta yi kamar ta tsuke. Mai amana yakan tura wa likitan da ke karanta hoto duka biyun, gyararre da na asali, a gwama su. In kuma CT ta gaza, ya faɗa a fili cewa ta gaza, a koma ga hoton bututu ta cikin jijiya ko na'urar maganaɗisu ta MRI. Ita ma wannan sai an tabbatar da irin ƙarfen, domin tsohon matsi mai jin maganaɗisu yana iya motsawa a cikinta ya yi kisa.

Saboda haka takardar da aka ba majinyaci ranar sallama ba ta ajiyewa a ƙasan akwati ba ce. Duk wanda aka yi wa aikin, a Kano ne, a Sakkwato, ko a Masar da Indiya, ya roƙi a rubuta masa sunan ƙarfen da kamfanin da ya yi shi. Iyalansa su ɗauki hotonta a waya, su riƙa zuwa da ita duk ranar da aka tura shi ɗakin hoto.