Ciwon Ƙoda Mai Kumbura Yara: Jawabi Ga Iyaye

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fid da dauɗa cikin fitsari, ta bar abin da ke da amfani. Amma akwai wani ciwo da yakan sa matatar ƙoda ta yi yoyo, har furotin, wato sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini, ya riƙa zurarewa cikin fitsari. Idan ya yi ƙaranci sai ruwa ya taru a jiki. Ciwon ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6.

Alamarsa ta fari ita ce kumburin idanu da safe, daga nan ƙafafu da ciki su bi, fitsari kuma ya ragu, ya yi kumfa. Tamowa ma takan kumbura yaro, saboda haka awon fitsari da na jini a asibiti ne ke bambanta su. Kada a yi wa yaro tsaga ko sakiya, kada kuma a ɗura masa jiƙo, gama yana iya ƙara wa ƙoda rauni.

Maganin da likita ya fi bayarwa shi ne prednisolone, kullum har mako 4 zuwa 6, sa'an nan a koma sha yau, gobe a huta, har wasu makonnin. Sau da yawa kumburi kan sace cikin mako 2, kuma a nan ne iyaye ke kuskure. Sacewar kumburi ba warkewa ba ce. Tsai da maganin farat ɗaya yana da haɗari ƙwarai. Likita ne kaɗai zai rage shi sannu-sannu.

A gida a rage gishiri da kanwa da ɗunƙulen miya muddin akwai kumburi. Ciwon da maganinsa duka suna raunana garkuwar jiki, don haka a nisanta yaro daga masu ƙyanda da ƙarambau. In ya yi zazzaɓi, ko ciwon ciki, ko amai da gudawa, a kai shi asibiti ran nan.

Ciwon yakan dawo, musamman bayan mura, amma wannan ba abin fid da rai ba ne. Galibin yaran da magani ya karɓe su sukan rabu da shi yayin da suka girma, ƙodarsu lafiya lau. Wanda maganin bai karɓa ba kuwa, akan tura shi ga likitan ƙoda a asibitin koyarwa.