Buhu Biyar da Tiya Huɗu

A ranar 6 ga Satumban 2025, a birnin Birmingham na Ingila, wani ƙato ɗan ƙasar Aislan mai suna Hafthor Bjornsson ya sunkuya ya ciri ƙarfe mai nauyin kilo 510 daga ƙasa, ya miƙe tsaye da shi, bai ajiye ba sai da alƙali ya sauke hannu. Ba a taɓa shaida wani ɗan Adam ya ɗaga irin wannan nauyi a wannan salo ba. Ga mutumin Funtua ko Malumfashi kuwa, kilo ba ya shiga kunne sai an mayar da shi buhu. Buhun masara kilo 100 ne, tiya arba'in. Ke nan abin da mutumin ya raba da ƙasa da hannuwansa biyu shi ne buhu biyar da tiya huɗu.

Wasan ba shi da wani surkulle. Sandar ƙarfe ce ake zura wa faya-faya masu nauyi hagu da dama, tana kwance a ƙasa, tazararta da daɓe ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Mutum zai kama ta, ya miƙe har gwiwa da ƙugu su daidaita, kafaɗu su koma baya. Ba gudu, ba tsalle, ba abokin karawar da za a yi wa dabara. Ko ta tashi ko ta ƙi. Sai dai akwai bambancin ƙa'ida da ya kamata a sani, don kada a haɗa abin da bai haɗu ba. A gasar ƙarfafa, irin wadda Bjornsson ke shiga, an yarda mutum ya ɗaure hannunsa ga sandar da maɗauri, ya sa wata matsattsiyar riga mai taimaka wa ƙugu, ya kuma jingina sandar a cinya yana turo ta sama sannu a hankali. A ɗaya ɓangaren na masu ɗaga ƙarfe zalla, maɗauri da jingina duk haramun ne. Shi ya sa masana wasan har yanzu suke girmama kilo 460 da wani ɗan Aislan ɗin, Benedikt Magnusson, ya ɗaga a 2011 ba riga ba maɗauri, tafin hannunsa kawai.

An daɗe ana hawan wannan tsani. A 2006 Andy Bolton na Ingila ya zama na farko da ya kai kilo 455. Shekara goma bayan nan tarihin bai wuce 465 ba, ana ƙara masa kilo ɗaya ko biyu. Sai ga Eddie Hall, shi ma Bature ɗan Ingila, a watan Yulin 2016 a birnin Leeds, ya ce a ɗora masa 500 cif. Ƙarin kilo 35 a tashi ɗaya, a fagen da ake murnar ƙarin kilo guda. Ya ɗaga. Yana ajiyewa ya durƙushe, jini na zuba daga hancinsa, hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. A ranar 2 ga Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, Bjornsson ya ɗaga kilo 501 a ɗakin motsa jikinsa da ke Kopavogur, kusa da babban birnin ƙasarsu. An auna faya-fayan a gaban kyamara. Alƙalin da ya tsaya masa shi ne Magnus Ver Magnusson, wanda ya ci kambun ƙarfafan duniya sau huɗu. An haska abin kai tsaye a talabijin. Duk da haka Hall da magoya bayansa suka ce a'a, abin da aka yi a gida, da sandar da mutum ya saba da ita, a lokacin da ya zaɓa wa kansa, ba abokan hamayya a gefe, ba zai shafe abin da aka yi a fage ba. Gardamar ta yi zafi har ta kai su ga dambe a Dubai a watan Maris na 2022, inda Bjornsson ya yi nasara da maki. Damben bai kashe maganar ba. Abin da ya kashe ta shi ne komawarsa fage: kilo 505 a Jamus a watan Yulin 2025, sannan 510 a Birmingham bayan mako shida.

Shekara biyar ana musu a kan kilo ɗaya. Wani zai ce aikin banza ne, amma ni ina ganin nan ne zuciyar al'amarin take. Babu wanda ya yi shakkar ƙarfin mutumin. Abin da ake ja a kai shi ne sikeli, da alƙali, da shaidu, da wurin da aka tsaya. Ƙarfi ba ya zama tarihi sai an auna shi, an gan shi, an rubuta shi.

Mutanen Aislan sun daɗe da sanin haka, tun kafin a ƙera sandar ƙarfe. Ƙasa ce da jama'arta ba su kai rabin miliyan ba, amma a gaɓar tekunta ta yamma akwai wasu duwatsu huɗu da masunta ke gwada kansu da su, masu nauyin kilo 23 da 54 da 100 da 154. Wanda ya kasa ɗora na kilo 54 a kan wani dandamalin dutse ba a ba shi gurbi a jirgin kamun kifi. Wato wasan ya samo asali ne daga neman abinci, daga tantance wanda zai iya aiki. Gasar ƙarfafan duniya da aka fara a Amurka a 1977 ta zo ne daga baya ta sa wa abin fitilu da kuɗi.

To, ƙasar da aikinta ke neman ƙarfi, ai ga ta nan ƙarƙashin ƙafafunmu. Tun da Turawa suka kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, layin dogo kuma ya ratso daga Zariya ta Funtua da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, kayan wannan yanki bisa kan mutane suke hawa mota da jirgi. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Takin zamani da ingantaccen iri suka shigo, masara ta mamaye gonakin da a da dawa da auduga ke ciki. Yau duk wanda ya je Dandume ko Bakori ko Ƙafur da kaka zai ga tireloli a jere. Tirela ɗaya tan talatin take ci, buhu 300. Idan mutum shida suka yi lodinta, kowanne ya ɗauki buhu hamsin, tan biyar ke nan ya bi ta wuyansa kafin ya karɓi ladansa, kuma ba lalle ba ne ita ce motar ƙarshe ta ranar.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake ɗan dako zai iya abin da Bjornsson ya yi ba. Akwai masu son irin wannan zancen na yabon kai, su ce da za a kai 'yan lodin Dandume Turai da sun kwashe kofunan. Ba haka ba ne. Bjornsson ya haura mita biyu a tsawo, nauyin jikinsa ya doshi kilo 200, yana cin abin da ya ninka na magidanci sau uku, yana horo na watanni domin ɗagi ɗaya na daƙiƙu kaɗan, sannan ya huta. Ɗan dako kuwa abokansa biyu ne ke kama kunnuwan buhu su ce "bisimilla", su aza masa, ya taka katako ya hau mota, ya sauke ya dawo. Nasa ƙarfin na juriya ne da iya daidaita kaya a kan ƙashin baya. Wanda ya ƙware a ɗayan ba lalle ya iya ɗayan ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗaya an auna shi an san iyakarsa, ɗayan kuwa ko mai shi bai san yawansa ba.

Ba kuma don ba mu daraja ƙarfi ba ne. Muna da dambe da kokawa da sharo, muna da kiɗan noma da gayya, muna da sarautar Sarkin Noma. Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago. Amma dukkan waɗannan ƙarfi ne da ake gwada shi da na wani mutum, ko kuma mawaƙi ya riƙe shi a baki. Wa ya kada wa, wa ya kashe wa, wa ya riga fita kunya. Ba mu saba gwada mutum da adadi ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan yi gaba a nan: tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa ta cin takobi, da alƙalai da jerin sunayen zakaru shekara bayan shekara, shi ya sa yaro a Maradi ko Doso zai iya lissafo maka waɗanda suka ɗauki takobin.

Wanda yake zaton wannan fage na Turawa ne kaɗai, ya dubi Burkina Faso. Cheick Sanou, wanda duniya ta sani da Iron Biby, haifaffen Bobo-Dioulasso, shi ya kafa tarihin ɗaga gungume sama da kai da kilo 229 a 2021, ya ƙara zuwa 230 a 2023, sannan 231 a 2024. A 2025 Rayno Nel na Afirka ta Kudu ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kambun ƙarfafan duniya. A gida ma, 'yan wasanmu masu buƙata ta musamman sun daɗe suna kawo zinare a ɗaga ƙarfe daga kwance. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Paris a 2024.

Sai dai jiki yana da bashin da yake bi. Idan mutum ya riƙe numfashi ya yunƙura da nauyi mai tsanani, jininsa yakan hau fiye da kima na ɗan lokaci. Wani bincike da aka buga a 1985 daga wata jami'a a Kanada ya auna 480 bisa 350 a jikin wani mai ɗaga ƙarfe yana tsakar yunƙuri, alhali na mai lafiya a zaune bai cika wuce 120 bisa 80 ba. Jon Pall Sigmarsson, gwarzon Aislan mai kambu huɗu, ya faɗi ya mutu a 1993 yana da shekara 32, yana cikin wannan ɗagin a ɗakin horonsa. Bjornsson da kansa ya amsa a wata hira da tashar ESPN cewa ya taɓa amfani da ƙwayoyin ƙara tsoka. Duk mai kallon waɗannan bidiyoyi a waya, musamman samarin da ke haɗa siminti a gwangwani suna ɗagawa a lungu, ya kamata ya san wannan ɓangaren labarin.

Nan ma muna da namu. Ƙaba da ciwon baya da ciwon gwiwa su ne fanshon ɗan dako. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu leburori, a gona da kasuwa, suna haɗiyar tiramol don su kashe gajiya su ƙara lodi. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba. Zakaran Turai yana sayar da lafiyarsa ne don suna da kwangilar talla. Namu yana sayar da tasa a kan kuɗin buhu.

Abu biyu nake so in gani. Na farko mai sauƙi ne, kuma na nishaɗi: gasar ƙarfi ta kaka a filin wasa na Funtua ko Malumfashi, da sikelin gaske, da rukuni-rukuni bisa nauyin jiki, da ma'aikacin lafiya a gefe, da littafin da za a rubuta suna da adadi a ajiye wa baɗi. Kayan aikin duk muna da su, buhu da amalanke da tayar tarakta. Kamfanonin taki da iri da ke cika rediyo da talla ba za su rasa abin saka kyauta ba.

Na biyun shi ne mai wuya: buhun kansa ya yi nauyi. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. Namu ya kusa ninka wannan. Kenya ta yi doka a 2019 cewa buhun dankalin Turawa kada ya haura kilo 50, kuma an sha fama kafin dillalai su bi. A wajenmu taki da siminti tuni suna zuwa a kilo 50, babu wanda ya ce kasuwa ta tsaya. Hatsi ne ya ƙi sauka, kuma dalilin ba a nesa yake ba. La'adar dillali, da kuɗin dako, da kuɗin mota, da harajin kasuwa, galibi duk bisa buhu ake yanke su, ba bisa kilo ba. Don haka duk tiyar da aka ƙara cusawa kafin a ɗinke baki riba ce ga mai kaya, manomi ya yi asarar hatsin, ɗan dako ya ɗauke ta kyauta. Idan aka raba buhun biyu ba a sake lissafin ba, mai kaya zai ce an ninka masa kashe kuɗi, ɗan dako kuma zai ji tsoron a raba ladansa biyu alhali sawunsa ya ninku. Saboda haka maganar ba ta masu ɗinka buhu ba ce. Ta shugabannin kasuwa ce da ƙungiyoyin 'yan lodi da ƙananan hukumomi, su zauna su yanke kuɗin dako da la'ada bisa tan, a kuma kafa sikelin mota a bakin manyan kasuwannin hatsi, a fara da Dandume.