Kalmomin kusanci a Turanci

Kalmomin kusanci su ne waɗanda ake nuna ƙarancin tazara da su, a wuri ko lokaci ko dangantaka. Turanci yana da su da dama, sai dai ba kowace ke zama a gurbin 'yar'uwarta ba.

Asali

*Near* da *next* sun samo asali ne daga tsohuwar kalmar Turanci *neah*, wadda ta koma *nigh*. Daga gare ta aka samu *neighbour*, wato maƙwabci. *Adjacent* kuwa daga Latin ta fito.

Bambancin ma'ana

* *near*, *close to*: kusa da. Misali, Kasuwar Singa tana kusa da Kasuwar Sabon Gari a ƙaramar hukumar Fagge, Kano.
* *nearby*: nan kusa, ba sai an ambaci wurin da ake kwatantawa da shi ba.
* *next to*, *beside*: dab da, babu komai a tsakani.
* *adjacent to*: mai iyaka ɗaya da wani. An fi ganin ta a takardun fili da na haya.
* *about to*: gab da, ta fuskar lokaci.
* *close friend*: amini.

Amfani

A Singa, inda ake sarin sukari da fulawa da taliya, shaguna a jere suke. Wanda ya rubuta *near* a kwatance alhali *next to* yake nufi, ya bar ɗan dako da laluben shaguna da yawa, kuma kaya na iya sauka a hannun wani.