TSIBIRAN TABKIN CADI: ƘASA CIKIN RUWA, RUWA CIKIN YAƘI

Mutumin Kelle da ya saba da duwatsun Kutus, in ya sauka Gure ya kama gwadabe ya yi gabas, ya wuce Difa har Ngigmi, zai tarar da wata duniya dabam: ɗaruruwan tsibirai cikin tabkin Cadi, inda iyakokin Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru suka haɗu.

Yawancin tsibiran nan kawunan tuddan rairayi ne da ruwa ya kewaye. Tabkin ba shi da zurfi, kuma mafi yawan ruwansa daga kogin Shari yake zuwa. Komadugu kuwa ta wajen Boso take faɗa masa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25.000. Farin 1973 ya raba shi biyu, na 1984 ya bar shi bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. In ruwa ya ja, tsibiri ya zama gona. In ya komo, gona ta nutse.

Mazaunansa na asali su ne Buduma, masu kiran kansu Yedina, masunta ne kuma makiyayan shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ruwa ne ganuwarsu. Dawakin Barno ba su iya ƙetare shi ba.

Ran 22 ga Mayu 1964 ƙasashen huɗu suka kafa hukumar kula da tabkin. Duk da haka, da sababbin filaye suka bayyana, sai gardamar iyaka ta tashi, har sojojin Cadi da na Najeriya suka gwabza a 1983.

Mafi muni ya zo daga baya, sa'ad da ƴan Boko Haram suka mai da tsibiran maɓoya. Ran 25 ga Afrilu 2015 suka afka wa tsibirin Karamga na Nijar, aka rasa sojoji 46 da farar hula 28. Hukuma ta ba da umurnin kwashe jama'a. Kimanin mutum 25.000 suka fito tudu, suka bar jirage da taru. A Maris 2020 kuma Cadi ta rasa sojoji wajen 100 a Bohoma.

Ruwan da ya tsare Buduma shekaru aru-aru, shi ne ya zame wa maharansu garkuwa. Masunci kuwa, in aka raba shi da tabki, an raba shi da rumbunsa.